Yadda Za Ka Auna Nisan Tafiyar Jirgi Daga Kano Zuwa Jidda Da Kanka

Da zarar azumi ya ƙarato, ko an fara kiran maniyyata sansanin alhazai, sai tambayar nan ta dawo: kilomita nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgi, kuma awa nawa ake yi a sama? Wani ya ce shi dubu biyu da ɗoriya aka gaya masa. Wani ya ce dubu uku da rabi ya gani da idonsa. Na uku ya ce duk ba zai yarda ba, domin shi sai da ya kwana a hanya. Abin dariyar shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko mil aka ba shi, na biyu kilomita, na uku kuwa jirginsa ta wata ƙasa ya biya da shi. Maimakon in riƙa amsa wa mutane ɗai-ɗai, ga yadda ake yin awon daga farko har ƙarshe. Kano da Jidda na ɗauka don su aka fi tambaya, amma matakan ba sa canzawa ko da Sakkwato zuwa Legas ne, ko Yamai zuwa Istanbul.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai ɗan data, kalkuletar da ke cikin wayar, biro da takarda. Ban da kuɗin data, ko kwabo ba za ka kashe ba. Duk shafin da ya nemi ka biya kafin ya gaya maka nisan filin jirgi da filin jirgi, rufe shi ka yi gaba.

Mataki na 1: Tantance filin jirgin, ba garin ba

Jirgi ba ya tashi daga Kofar Mata, ba ya kuma sauka a bakin Harami. Daga fili yake tashi, a fili yake sauka, don haka filayen biyu za ka fara rubutawa. A misalinmu, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda.

Hattara: Makka ba ta da filin jirgin fasinja. Wanda ya ce "jirgin Makka" ko dai Jidda yake nufi ko Madina. Sannan akwai garuruwan da filinsu ya fi ɗaya. Dubai na da biyu, Istanbul na da biyu, Landan kuwa ta wuce haka. Idan tafiyarka ta shafi irin waɗannan, duba tikiti ka ga wanne aka rubuta.

Mataki na 2: Nemo haruffa ukun kowane fili

Kowane filin jirgin fasinja yana da laƙabi na haruffa uku, wanda ƙungiyar IATA ta kamfanonin jiragen sama ke bayarwa. Su ne za ka gani a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka. Kano KAN ce, Jidda JED, Madina MED, Abuja ABV, Legas LOS, Kaduna KAD, Sakkwato SKO, Maiduguri MIU, Yamai NIM, Damagaram ZND. Wanda ba ka sani ba, rubuta sunan filin a Google, zai fito.

A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin harafi ɗaya ya isa ya kai ka wata duniya. KAN da KAD makwabta ne, kuskurensu da sauƙi. Amma KAN da CAN fa? CAN filin Guangzhou ne na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. Ka rubuta C a gurbin K, sai ka ga nisa ya ninka, ka zauna kana zargin wayarka.

Za ka iya cin karo da wani laƙabin mai haruffa huɗu, kamar DNKN na Kano ko OEJN na Jidda. Wannan na ICAO ne, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage suka fi amfani da shi. Fili ɗaya ne dai, kada ya ruɗa ka.

Mataki na 3: Auna miƙaƙƙen nisa

Hanya mafi sauri ita ce shafin Great Circle Mapper. Akwai akwatin rubutu a fuskarsa ta farko. Rubuta KAN-JED, da ɗan karan nan a tsakani, ka danna maɓallin taswira ko na nisa. Zai zana maka layi ya kuma ba ka adadi. Idan ka mayar da shi kilomita, za ka ga wajen 3,425. KAN-MED kuma wajen 3,560, wato Madina ta fi Jidda nisa daga Kano da kilomita ɗari da talatin da wani abu.

Ana iya yi da Google Maps ma. Nemo filin farko, ka danne wurin da yatsa har alamar nan ja ta fito, ka buɗe bayanan da ke ƙasa ka zaɓi umarnin auna nisa, wanda a Turance aka rubuta Measure distance. Daga nan sai ka ja taswirar har zuwa fili na biyu. A kwamfuta ya fi sauƙi, maɓallin dama na linzami kawai za ka danna.

Hattara: kada ka danna neman hanya irin ta mota. Wannan zai bi da kai titi ne kwana-kwana. Kano zuwa Abuja a sama wajen kilomita 365 ne, amma a mota ta Zariya da Kaduna ya haura 400.

Za ka lura layin ya ɗan lanƙwasa a taswira. Ba kuskure ba ne. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ka ɗauki kankana ka ja zare tsakanin wurare biyu a bayanta, inda zaren ya kwanta ita ce gajeriyar hanya, kuma ita waɗannan shafuka suke aunawa.

Mataki na 4: Duba da wane ma'auni aka ba ka

Wannan matakin gajere ne, amma shi ne tushen rabin gardamar da ake yi a majalisa. Ma'auni uku ne ke yawo. Akwai kilomita, ana rubuta ta km. Akwai mil na tudu, mi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Akwai mil na teku, nm, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Tafiyar Kano zuwa Jidda guda ɗaya ce, amma za ka iya ganinta 3,425 ko 2,128 ko 1,849. Shafukan Amurka da mil suke fara ba ka amsa sai in ka canza.

Na taɓa zama da wani kawuna yana ta jinjina wa wani ejan da ya ce masa jirginsu "gajeriyar hanya" yake bi, dubu biyu da ɗari ɗaya kacal, alhali na wasu dubu uku da ɗari huɗu ne. Da muka ninka adadinsa da 1.609 sai ga shi ɗan juma ne da ɗan jummai. Kawu bai ji daɗin lissafin ba, don ya riga ya biya.

Mataki na 5: Yi lissafin da hannunka

Mai gaggawa zai iya tsallake wannan. Amma ɗalibi, ko malamin da zai koyar, ko wanda ba ya son a ba shi adadi ya haɗiye kawai, a nan daɗin aikin yake.

Da farko nemo lambobi biyu na kowane fili: latitud, mai nuna nisan wuri arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da longitud, mai nuna nisansa gabas ko yamma da layin Greenwich na Landan. Ka danne wurin a Google Maps za su fito, latitud ce ta farko. Filin Kano yana 12.05 arewa, 8.52 gabas. Na Jidda yana 21.68 arewa, 39.16 gabas.

Idan an ba ka su da digiri da minti da sakan, kamar 12°02′51″, kada ka karanta shi 12.0251. Raba mintin da 60, sakan da 3,600, ka tara da digirin: 12 da 0.0333 da 0.0142, ya zama 12.0475, wato 12.05 in an dunƙule.

Sai ka juya wayarka a kwance domin kalkuleta ta fito da maɓallan sin da cos. Tsaya nan tukuna. Duba ko an rubuta DEG (digiri) ko RAD (wani ma'aunin kusurwa daban) a allon. DEG ake so. A wasu wayoyin abin da aka rubuta a jikin maɓallin shi ne wanda za ka koma in ka danna, ba wanda kake kai ba, don haka gwada: cos 60 ya ba ka 0.5. In ya ba ka wani abu daban, a RAD kake, kuma duk abin da ka lissafa daga nan shirme ne.

Yanzu bi wannan jeri.

Cire ƙaramar longitud daga babba: 39.16 ban da 8.52, saura 30.64.

Ninka sin na latitud ɗin farko da sin na ta biyu: sin 12.05 sau sin 21.68, zai ba ka 0.0771.

Ninka cos na latitud ɗin farko da cos na ta biyu da cos na bambancin da ka fitar: cos 12.05 sau cos 21.68 sau cos 30.64, zai ba ka 0.7819.

Tara su biyun: 0.8590.

Nemi cos⁻¹ na wannan adadi. Yawanci sai ka danna INV ko 2nd kafin maɓallin ya bayyana. Amsar wajen 30.8 ce. Wannan ita ce kusurwar da ke tsakanin filayen biyu idan daga cibiyar duniya aka dube su.

Ninka ta da 111.2, domin kowace digiri ɗaya a bayan ƙasa kilomita 111.2 ce. 30.8 sau 111.2 ya ba da 3,425.

Ga wata 'yar dabarar tabbatarwa da nake so. Mil ɗaya na teku kusan daidai yake da minti ɗaya na digiri, don haka 30.8 sau 60 zai ba ka 1,848, ga shi kuwa a sama mun ce 1,849. In naka ya yi hannun riga da wannan, koma ka duba.

Kurakurai uku ne ke kama mutane a nan. Na ɗaya, wurin da ke yamma da Greenwich ko kudu da layin tsakiyar duniya sai an sa masa alamar ragi. Filin Accra, alal misali, yana ɗan yamma da layin, longitud ɗinsa −0.17 ce. Mai auna Accra zuwa Jidda tara lambobin zai yi ke nan: 39.16 da 0.17. Na biyu, a gajeriyar tafiya irin Kano zuwa Abuja kada ka dunƙule lambobi a tsakiyar lissafi, bar kalkuleta ta riƙe su duka, domin canjin lamba ɗaya a gurbi na huɗu zai iya jefa ka kilomita goma gaba ko baya. Na uku shi ne na masu wayo: su ɗauki bambancin latitud da na longitud su yi musu lissafin alwatika na makarantar sakandare, kamar duniya tabarma ce. A tafiyar Kano zuwa Jidda wannan zai ba su wajen 3,570, sun ƙara kusan kilomita 150 da babu su, domin layukan longitud matsewa suke yi yayin da ake yin arewa.

In amsarka ta saɓa da ta wani shafi da kilomita biyar ko goma, ba komai. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya, wasu shafukan suna sa wannan a lissafi wasu ba sa sawa.

Mataki na 6: Idan akwai yada zango, auna kowane zango daban

Jiragen alhazai na hukuma galibi kai tsaye suke tafiya. Mai bin jirgin yawo kuwa, musamman a Umara, sau da yawa sai an biya da shi ta wani gari ya canza jirgi. A nan adadin 3,425 ya daina yi maka aiki. Rubuta hanyar duka a jere, kamar KAN-CAI-JED (CAI ita ce Alƙahira), shafin zai ba ka kowane zango da jimilla. Kana iya jera hanyoyi da yawa ka raba su da waƙafi ka gan su a taswira ɗaya.

Ta Alƙahira: wajen 3,100 zuwa can, sannan wajen 1,215 zuwa Jidda, jimilla wajen 4,315. Ta Addis Ababa: wajen 3,325 da 1,415, jimilla wajen 4,740. Ta Doha kuwa sai ka wuce Jidda ka bar ta a baya, ka ratsa Saudiyya har gaɓarta ta gabas ka haura, sannan a dawo da kai: wajen 4,745 da 1,330, jimilla ta haura 6,000.

Hattara: nisa ba shi ke yanka kuɗin tikiti ba. Sau da yawa doguwar hanyar ta fi araha, saboda kamfanin yana tara fasinjoji ne a cibiyarsa ya cika jirgi. Ga matashi mai ƙarfi wannan ciniki ne mai kyau. Amma in da tsohuwa za ka tafi, ko mai ciwon ƙafa, ni dai shawarata ka ɗora ƙarin kilomita dubu da zaman jira a kan sikeli kafin ka yi murnar rangwamen. Ka kuma duba tikitin da kyau, domin akwai jirgin da lambarsa ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe amma yana sauka a wani gari ya ɗebi mutane. Wannan ma zango ne, sa shi a lissafi.

Mataki na 7: Duba inda jirgin ya bi da gaske

Duk abin da muka auna zuwa yanzu zaren kan kankana ne. Jirgi ba ya bin zaren sak. Akwai hanyoyin sama da aka shata, akwai hadarin da matuƙi zai kauce wa, akwai kewayen da ake yi kafin a ba da izinin sauka. Ko lafiya lau ake, abin da aka tafi yakan ɗara miƙaƙƙen nisa.

Miƙaƙƙen layin Kano zuwa Jidda yana fita ne gabas maso arewa, kusan inda mai salla a Kano yake fuskanta. Ya bi ta saman Jigawa da Yobe, ya gutsuri yankin Diffa na Nijar, ya ratsa Chadi ta arewacin tafki, ya ratsa Sudan, ya haye Bahar Maliya. Ka ga ke nan hanyar a hannun ƙasashen da ke tsakani take. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da suka yi jigilar alhazan Najeriya a shekarar sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ma ya tashi. A watan Agustan shekarar Nijar ita ma ta rufe nata sararin na wani lokaci bayan juyin mulki, jiragen da ke ratsa ta tsakanin Turai da Najeriya suka koma kewaye. Babu kalkuletar da za ta gaya maka irin wannan.

Abin yi shi ne ka ɗauki lambar jirgin daga tikiti, haruffa biyu da lambobi, ka sa ta a Flightradar24 ko FlightAware. Za su nuna maka tafiye-tafiyen kwanakin baya na wannan lamba, da layin da aka bi, da lokacin da aka ɗauka. Na kyauta ya wadatar. Kada ka dogara da tafiyar rana ɗaya, duba uku ko huɗu. Kada kuma ka firgita in ka ga layin ya yanke ko ya zama ɗigo-ɗigo a saman hamada, na'urorin da ke kama siginar jirgi daga ƙasa ne suka yi ƙaranci a wurin.

Masu tambaya ko da wannan lissafi za su gane lokacin da jirgi ya zo daidai miƙati: a'a, kada ka ɗora ibadarka a kan kalkuleta. Wannan tambayar malamai za ka kai wa tun kafin ka bar gida.

Mataki na 8: Mayar da nisa zuwa awanni

Jiragen fasinja na zamani suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Don kintace, raba nisan da 800, ka ƙara rabin awa na hawa da sauka da gangarawa a kan titin fili. 3,425 a raba da 800 ya ba da 4.28.

Hattara: 4.28 ba awa huɗu da minti 28 ba ne. Ninka 0.28 da 60, minti 17 ke nan. Da ƙarin rabin awa, tafiyar ta kama wajen awa huɗu da minti arba'in da biyar. Gwada da Kano zuwa Abuja: 365 a raba da 800, minti 27, da rabin awa, kusan awa guda. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san haka abin yake.

Sai batun agogo, wanda ya fi komai rikita sabon matafiyi. Lokutan da ke tikiti kowanne na garinsa ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. A ce jirgi ya tashi Kano ƙarfe 10:00 na safe ya sauka Jidda 4:45 na yamma. Ba awa shida da minti 45 ya yi ba, cire biyu. A dawowa kuma ya tashi 10:00 ya sauka Kano 12:45 na rana, ba gudu ya ƙara ba, ƙara biyu. Habasha da Ƙatar agogonsu ɗaya da Saudiyya. Masar kuwa tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a watannin zafi, don haka mai yada zango a Alƙahira ya bar wayarsa ta saita kanta da ya sauka.

Iska ma tana da nata rabon. Wadda ke tura jirgi ta baya tana rage lokaci, wadda ke tare shi ta gaba tana ƙarawa, shi ya sa zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba ko da nisan ɗaya ne.

Mataki na 9: Ƙara abin da ke ƙasa

Wanda za a je tara a fili, ko wanda ke shirya wa tsoho magani da abinci na hanya, ba awannin sama kaɗai yake buƙata ba. Rubuta tafiyar gida zuwa fili, musamman ga wanda zai taso daga Daura ko Haɗeja ko Damagaram ya hau jirgi a Kano. Ƙara awa uku na awon kaya da duba fasfo kafin tashi. In lokacin hunturu ne, bar sarari domin hazo, don yakan jinkirta tashi da sauka a filayen arewa.

A ɗaya ɓangaren, daga filin Jidda zuwa Harami akwai kusan kilomita 100 a mota. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da ke zuwa Makka da Madina, tasharsa tana jikin babban ginin filin da ake kira na 1, amma ba kowane jirgi ke sauke fasinja a wannan ginin ba, ginin alhazai daban yake, don haka duba tikiti ka ga inda za a sauke ka. Wanda kuma ya yi niyyar fara ziyara, ya kwatanta da kyau: sauka a Madina ƙarin kilomita 135 ne kawai a sama, minti goma ko makamancin haka, alhali sauka a Jidda sannan a kama hanyar Madina a mota ya haura kilomita 400.